Jirgina na tafe daga Legas: ƙugiya zan ɗauka ko tirela zan sa a ƙera?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa. Allah ya nufa na sayi jirgin ruwa na faiba na hannu a Legas, ƙafa 23, da inji mai ƙarfin doki 75. Niyyata in riƙa jigilar mutane da kaya daga Yelwan Yawuri zuwa kasuwannin bakin ruwa. Babbar mota za ta iso da shi ranar Asabar in sha Allah. Ɗora shi a can ba matsala, wurin da na saya suna da ƙugiya. Matsalar a nan gida take: yaya zai shiga ruwa?

Na kira wani mai Hiab, wato mota mai ƙugiyar ɗaga kaya a jikinta, a Kwantagora, ya faɗi kuɗin da sai da na nemi wuri na zauna. Na je wurin mai walda ya ƙera mini tirela, shi kuma kuɗinsa ya kusa ninka na mai Hiab sau uku. Wanne ya fi sauƙi a aljihu? Waɗanda suka taɓa yi su taimaka mini.

Bakatsinen Legas: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri Alhaji. Amma tirela fa? Jirgin ƙafa 23 za ka sa a ƙera wa tirela? Ai ko siminti buhu 600 za ka ɗauko sai haka.

Banufen Jebba: Kun ji Bakatsine. Mutumin da ruwan da ya fi sani shi ne na randa. Ba tirelar Ɗangote ake nufi ba bawan Allah, amalanke ne mai taya biyu ko huɗu da ake ɗora jirgi a kai, mota ta ja shi ta yi baya da shi cikin ruwa har ya taso.

Bakatsinen Legas: To ku ce amalanke mana. Kai kuma Banufe bawana, shekara 11 ina kallon teku ta taga, kada ka raina ni.

Shugaban Zaure: Allah ya sa albarka Baban Ummi. Tunatarwa kafin a yi nisa: ba a sa sunan kamfani ko lambar wayar kowa a fili. Wanda ke da mai Hiab ko mai walda da ya yarda da shi, ya tura wa Alhaji ta gefe.

Mai Ƙugiya: Alhaji barka da arziki. Sana'ata ke nan, don haka bari in fara da wanke abokin aikina na Kwantagora. Kuɗin da ya faɗa maka, kaɗan ne daga ciki na ɗagawa. Ɗaga jirgi irin naka a ajiye shi a ruwa bai wuce minti 20 ba in komai ya daidaita. Abin da kake biya shi ne zuwa da komawa: man gas, lalacewar taya a hanya, abincin direba da yaron mota, sannan yinin da ya rasa wanda da ya yi lodin bulo ko taransifoma a cikin gari. Da motar a Yelwa take zaune, ko rabin haka ba zai ce maka ba.

Amma kafin maganar kuɗi, ina da tambaya uku. Nawa ne nauyin jirgin? Daga inda mota za ta iya tsayawa a kan ƙasa mai tauri zuwa inda ruwa ya kai ƙugu, taku nawa ne? Akwai wayar lantarki a sama?

Baban Ummi: Wanda ya sayar mini ya ce gangar jikin kusan kilo 700. Ba waya a wurin. Nisan kuwa ban auna ba, amma ai mai Hiab ɗin ya ce motarsa tan 5 take ɗagawa, ina ganin ba damuwa.

Mai Ƙugiya: Nan ne mutane suke faɗawa rami, ranka ya daɗe. Tan 5 ɗin gaskiya ne, amma a gindin motar. Ƙarfin ƙugiya ba da tan kaɗai ake auna shi ba, da tan sau mita ne. Wadda aka rubuta mata 10, a mita 2 za ta ɗaga tan 5. Ka miƙa hannunta mita 5, ta koma tan 2. A mita 10 ko tan 1 ba za ta cika ba, don shi kansa hannun yana da nauyinsa. Kamar ka ɗauki bokitin ruwa a jikinka ne, sannan ka miƙe hannu da shi.

Kuma kada ka riƙe 700 ɗin nan. Injin doki 75 ya haura kilo 100. Fetur lita 100 kusan kilo 74 ne. Ga batir, ga anga, ga benci. Sannan jirgin faiba da ya daɗe a ruwa, soson da ke ƙarƙashin daɓensa yakan sha ruwa ya riƙe, mai shi ma bai sani ba. Ni in za ni wannan aiki, tan 1 da rabi nake sa wa a raina. Ka ce wa mutuminka ya ɗauki hoton allon da ke manne a jikin ƙugiyar ya turo, za a ga abin da take ɗauka a kowace mita. Kuma awon daga gindin ƙugiyar yake farawa, ba daga bakin gaɓa ba. Mota ba ta tsayawa a leɓen gaɓa, ƙasa za ta zabtare da ita.

Malamin Lissafi: Tunda an shigo fagena, a ba ni wuri. Alhaji bai faɗi adadi ba, to mu ƙaddara. A ce zuwan Hiab sau ɗaya 100 ne, amalanke 300. A ce kula da amalanken, giris da taya da fenti, yana cin 30 a shekara, hayar motar da za ta ja shi kuma 10 kowane zuwa.

In sau ɗaya za ka saka jirgin ka bar shi a ruwa, 100 da 310 ba haɗi, ƙugiya ta ci. In kuwa za ka fito da shi sau ɗaya a shekara don gyara, to fitarwa zuwa ɗaya ne, mayarwa zuwa ɗaya. Shekarar farko ƙugiya 300, amalanke 360. Shekara ta biyu ƙugiya ta kai 500, amalanke 410. Daga nan sai dai ƙugiya ta riƙa hango ƙura. Saboda haka tambayar ba wanne ya fi araha ba ce, sau nawa jirgin zai bar ruwa?

Mai Walda: Malam ya gama magana. A ƙera amalanke a huta. Abin da ka mallaka ya fi abin da za ka riƙa roƙo.

Hajiya Mai Kifi: Mai Walda ai dole ka ce haka, wanzami ba ya cewa a bar gashi.

Mai Ƙugiya: Malam, lissafinka ya yi kyau a allo, amma akwai abin da ka tsallake. Jirgin nan a bayan babbar mota zai iso, sama da mita ɗaya daga ƙasa. Ko yau aka gama amalanken, wa zai sauko da jirgin daga motar ya ɗora a kai? Amalanke daga ruwa yake ɗaukar jirgi, ba daga sama ba. Wato ko ya biya 300 ɗin, matsalar ranar Asabar tana nan inda take.

Malamin Lissafi: Wallahi ka kama ni. Na karɓi gyara. A ƙara 100 a gefen amalanke, sai ya zama a shekara ta biyu ma kusan kunnen doki suke, 500 da 510. Sai a ta uku amalanke zai wuce.

Baban Ummi: Kuma mai waldan ma sati biyu ya ce. Ni kaina ban yi tunanin wannan ba.

Banufen Jebba: Duk kun bar babban abin. Kuna magana kamar ruwan tafkin Kainji da jirgin zai shiga a kwano yake zaune. Tun da aka gama dam ɗin a 1968 ruwan nan tafiya yake yana dawowa. Tsakanin cikarsa da ƙarshen janyewarsa akwai kusan mita 10 a tsaye. Farin ruwa na damina yana zuwa wajen Agusta da Satumba ya cika tafkin, baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini ya ratsa Mali ya iso da sanyi ya riƙe shi, daga nan kuma a yi ta ja har damina ta sake kankama. Mita 10 a tsaye fa. A inda gaɓa ke kwance, ruwan kan yi nisan da sai ka hau babur ka bi shi. Wurin da ka ga mota ta tsaya a Disamba, a Yuni fili ne ana shuka a kai, bayansa kuma laka.

To Hiab mai hannu mita 8 me za ta yi da ruwan da ya ja da baya mita 300? Amalanken ma haka. Ku faɗa mini a wane wata muke kafin ku faɗa mini farashi.

Malamin Lissafi: Gaskiya ne. In gangaren gaɓa mita 1 ne a cikin kowace 50, saukar mita 10 na nufin ruwa ya ja baya mita 500. Kuma wannan gangaren ya shafi amalanke kai tsaye. Masu gina gangaren saka jirgi na kankare suna sa shi ya sauka mita 12 zuwa 15 a cikin kowace 100. A irin wannan, ka yi baya mita 7 ko 8 ka samu zurfin mita ɗaya, jirgi ya taso, tayar motarka ta baya da ƙyar ta jiƙe. A gangaren 1 cikin 50 kuwa sai ka shiga ruwa mita 50 kafin ka samu wannan zurfin. Motar ce za ta riga jirgin iyo.

Ɗan Yeji: Gaisuwa daga Gana. Mu ma a tafkin Volta haka ruwa yake mana, ya tafi ya dawo, ga kututturan itatuwa a ƙasa. Manyan jiragenmu na katako a bakin ruwa ake ƙera su, ba wanda ke neman ƙugiya. In an tashi gyara, sai a jawo jirgi gaɓa lokacin da ruwa ya cika, a ɗaure, ruwa ya janye ya bar shi a tudu. Kyauta.

Banufen Jebba: Yauwa ɗan'uwa. Sai dai in ka yi haka ka shirya zaman wata da watanni kafin ruwan ya dawo ya ɗauke shi.

Na Ingila: Salam. Bari in ba ku yadda abin yake a nan, ko da zai yi amfani. Ina aiki kusa da wata tashar ƙananan jirage, kullum ina gani. Suna da hanya biyu. Akwai gangaren kankare da kowa zai zo da amalankensa ya biya ɗan kuɗi kaɗan ya saka jirgi da kansa, wasu wuraren ma kyauta ne. Akwai kuma wata ƙugiya mai ƙafa huɗu da tayoyi, tana tafiya a kan dakali biyu, ta zura ɗamara biyu ƙarƙashin jirgi ta ɗago shi. Ita da tsawon jirgi ake biya, kowace mita da kuɗinta, fitarwa daban, mayarwa daban, wanke gindin jirgi daban, ajiya a tudu daban.

Abin da ke raba gardama a nan ba son rai ba ne, doka ce da siffar jirgi. Ƙaramar mota ba ta jan abin da ya wuce kilo 3,500, jirgi da amalanke a haɗe, faɗi kuma kada ya wuce mita 2.55. Amalanken da ba shi da birki iyakarsa kilo 750. Jirgin da ya wuce haka, ko mai filafilan iska da ke da doguwar ƙafa a ƙasa, ko dogayen jiragen ƙarfe na magudanan ruwa masu tan goma sha, dole ƙugiya. Irin na Alhaji kuwa a nan ba wanda zai kira masa ƙugiya, amalanke ne kai tsaye. Amma fa don gangaren yana nan an gina, ƙugiyar ma a wurin take kwana. Ku a can kuna biyan kuɗin abin da babu ne.

Bakatsinen Legas: Nan Legas ma kusan haka ne a wuraren masu hali. Sai dai ruwan gishiri yana cin amalanke kamar gara. Wanda ba a yi masa rufin tutiya ba, ɗan lokaci kaɗan ya zama tsatsa. Ku na Arewa kun huta da wannan.

Mai Walda: To kun ji. Ruwan daɗi ne, fenti mai kyau ya isa. Ni da aksul ɗin tsohuwar mota da sifirin ɗinta zan haɗa maka wanda zai kai ka Sakkwato ya dawo.

Tsohon Direba: Mai Walda, Allah ya ba ka haƙuri, ba kai nake nufi ba, amma bari in faɗi abin da ya same ni. Shekarun baya na ja wa wani maigidana jirgi a kan irin wannan amalanken na haɗin gida. Tafiyar awa uku muka yi, muna isa na yi baya da shi cikin ruwa kai tsaye. Ashe boris ɗin tayar amalanken ya yi zafi, da ya ji ruwan sanyi sai ya zuƙe shi ciki, ya haɗu da giris. Ba mu sani ba. Bayan sati uku a hanyar dawowa taya ta fita ta wuce mu, ina kallonta ta madubi sannan ta gefen taga. Allah ya tsare ba mota a gaba. Gyaran gefen jirgin da ya gurje a kwalta ya fi kuɗin amalanken.

Abu na biyu, wanda ya ƙera bai auna inda ya sa aksul ba. Nauyi ya koma baya, da ka wuce gudu kaɗan sai ya fara rawa yana jan gindin motar. Ka'ida ita ce ɗan kaso na nauyin, kamar 5 zuwa 10 cikin 100, ya danne ƙarfen da ake maƙala amalanken a bayan motar da ke ja. Sannan tan 1 da rabi ba birki, a gangare, a bayan Hilux? Shi zai tura ka, ba kai za ka ja shi ba. Ga lamba da fitilu in za ka hau titi. Duk wannan kuɗi ne da ba ya cikin 300 ɗin Malam.

Mai Walda: Baba, wannan ba mai walda ba ne, mai liƙe-liƙe ne. Amma maganar boris gaskiya ce, a bari ya huce kafin a shiga ruwa, a kuma riƙa duba giris.

Hajiya Mai Kifi: Ni ban san boris ba, ciniki na sani. Baban Ummi, ina za ka da jirgin nan a kan titi? Kai ba mai yawon shaƙatawa ba ne da zai kai shi Tiga yau gobe Shiroro. Jirgin haya ne, kullum yana ruwa, ranar da ya fito ranar asara ce. Shekara nawa ina sayen kifi a Malale, ban taɓa ganin mai jirgi da amalanken titi ba. In don gyara ne, ku nawa ne masu jirgin faiba a wurin? Ku haɗa kuɗi ku yi guda ɗaya, wanda duk zai yi amfani da shi ya ajiye wani abu na gyara.

Tsohon Direba: Hajiya, kayan taro? Wata uku za ki tarar an cire tayoyin an sa wa kurar ruwa.

Hajiya Mai Kifi: To shi ya yi nasa ya riƙa ba su haya. Ko a hannun Sarkin Ruwa a ajiye shi, a ga mai cire taya.

Mai Ƙugiya: Alhaji, in dai ka tsaya a kan Hiab, ga abin da za ka tsare. Kada ka yarda a zo maka da sarƙa ko wayar ƙarfe, faffaɗar ɗamara biyu za a sa. Kuma a zo da sandar ƙarfe da ke raba su a sama. In babu ita, ɗamarar na matse gefen jirgi kamar an matse gwangwani, faiba kuwa in matsin ya yi yawa tsagewa yake. Ɗamara in ta kwanta sosai nauyin da ke kanta ƙaruwa yake, a kusurwa 30 ninki biyu ne cif. Na ga jirgin da aka tsaga haka da idona, mai shi da mai motar har gaban alƙali. Nauyin jirginka a baya yake saboda inji, ɗamarar baya ta matsa can. A ɗaga shi taƙi ɗaya a tsaya a duba kafin a ci gaba. A sa falankai masu kauri ƙarƙashin ƙafafun motar. Ba mai shiga ƙarƙashi, ba mai zama a ciki, igiya biyu a riƙe shi daga nesa. In hadari ya taso da iska a dakata.

Sannan ku yi magana a gaban shaidu: in ya faɗi, wa zai biya? Da yawanmu ba mu da inshorar kayan da muke ɗagawa, gaskiya ɗaya ce. Ka kuma tambaye shi kuɗin jira. In motar Legas ta makara kwana ɗaya a hanya, kuma ka san hanyar Jebba da Makwa, shi yana zaune a Yelwa, kai za ka biya. Kada ka ba da kafin alƙalami ya taso sai motarka ta wuce Kwantagora, su taho tare.

Bakatsinen Legas: Ni da tun farko aka tambaye ni, da na ce a ɗauki mota mai Hiab a jikinta tun daga nan, ta ɗora ta kawo ta sauke. Kuɗi ɗaya.

Baban Ummi: Na tambaya Malam. Tsadarta ta fi, don ita ba ta samun lodin komawa da sauƙi. Wadda na samu kaya ta kai Legas za ta dawo wayam, shi ya sa ya yi mini sauƙi.

Ɗan Baba Matuƙi: Salamu alaikum. Na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta, ya yi dariya har da tari. Ya ce in rubuta muku kamar haka.

Ya ce shekararsa 40 da wani abu yana tuƙi tsakanin Yawuri da Rofiya da Wara, bai taɓa ganin an kira ƙugiya don jirgin da mutum 25 za su iya ɗagawa ba. Ya ce ku tambayi masu lodin shanu yadda sa ke hawa babbar mota ba tsani: tudu ake samu, mota ta yi baya ta manna gindinta da shi, daɓenta ya yi daidai da ƙasa. In babu tudu a haƙa rami tayoyin baya su faɗa. To haka za a yi. A fara kwance inji a sauke shi daban, a zuƙe mai, a kwashe duk abin da ke ciki, a buɗe toshiyar baya ruwan da ke ciki ya tsiyaye. Sai a jera tsofaffin tayoyi, a zamo da jirgin a kansu. Daga nan gumagumai shida masu santsi, ana turawa ana ɗauko na baya ana kaiwa gaba, har ruwa, ko da nisansa ya kai zango. Inda laka take a shimfiɗa falankai. Igiya a baya a naɗe ta a jikin motar, mutum biyu na saki a hankali, don kada ya ƙwace a gangare.

Ya ce kuɗinsa goro ne da abincin rana da ɗan abin sabulu ga samari. Ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma bai taɓa jin an ce a kira Hiab ta ɗauki jinka ba.

Malamin Lissafi: A gaida Baba. 700 a raba wa mutum 25, kilo 28 kowa, bai kai buhun siminti ba. Ko ya sha ruwa ya kai 900, 36 ne.

Mai Ƙugiya: Ina girmama Baba, kuma ga wannan jirgin maganarsa ta fi tawa, ko da ta hana ɗan'uwana ciniki. Abu biyu kawai. Faiba ba katako ba ne, in gungume ɗaya ya ɗauki nauyin duka a wuri ɗaya zai iya fasa shi, kullum a tabbata uku na ƙarƙashinsa, kuma a kan ƙashin tsakiya yake tafiya. Sannan mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni. Taron da kowa ke cewa a tura, a nan ake karya ƙafa.

Ɗan Baba Matuƙi: Baba ya ce shi zai zo da kansa, ya ga wanda zai yi magana yana wurin.

Shugaban Zaure: Alhaji, tunda mutane za ka ɗauka, kuɗin da ka rage a nan ka san inda za ka kai shi. Rajista da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, da rigar ruwa ga kowane fasinja. Ba mu manta da jirgin da ya nutse a hanyar Wara a watan Mayun 2021 ba, da yawan rayukan da aka rasa. Kuma ruwan nan cike yake da kututture, faiba ba ya jure karo kamar katako, ka samu matuƙin da ya san hanya.

Baban Ummi: In sha Allah. Riguna 20 suna cikin jirgin ma, tare na saya.

Mai Walda: To ni shi ke nan an kore ni?

Hajiya Mai Kifi: Ka jira damina ta tsaya, zai neme ka.

Baban Ummi: Jama'a salamu alaikum, ga yadda aka ƙare. Motar ba ta iso ba sai Talata da hantsi, ta kwana biyu a hanya da matsalar taya. Da na sa mai Hiab ya zo Asabar, da yanzu wani labarin ake. Baba ya zo da gumagumansa a kan kura, samari 30 suka taru. Direban motar ya ƙi yin baya zuwa tudun da muka zaɓa, ya ce ƙasar ba ta yi masa ba, sai da muka koma wani da ya fi nisa da ruwa. Da muka buɗe toshiya ruwan da ya fito ya fi jarka uku. Mai Ƙugiya, ka yi gaskiya, ya fi 700 nesa ba kusa ba, samarin ma sun faɗa.

Mun fara ƙarfe 11, jirgi ya taɓa ruwa bayan la'asar. Inji kuma sai da mutum huɗu suka saɓa shi a sanda. Asarar da aka yi: gurzuwa kamar tsawon hannu a gefen hagu inda ya zame daga kan taya, sai yaro ɗaya da ya murɗe yatsa, na kai shi an ɗaure, da sauƙi. Duk abin da na kashe, abinci da sallamar samari da falankai da mai gyaran faiba da maganin yaron, ya tashi kamar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin Hiab.

Amma gaskiya ba zan so in riƙa tara mutum 30 duk lokacin da zan duba gindin jirgi ba. Mai Walda, zan neme ka. Ba na titi ba, gajere mai faffaɗar taya da dogon hannu, wanda tarakta ko samari goma za su ja daga ruwa zuwa tudu. Mu uku ne za mu haɗa.

Mai Walda: Alhamdu lillahi. Wannan ba sifirin, ba fitila, ba birki, bai kai rabin wancan ba. Ka auno mini faɗin gindin jirgin a wuri uku.

Tsohon Direba: Ku uku? A sa wa tayoyin kwaɗo.

Banufen Jebba: Allah ya tsare, ya kawo kasuwa. Bakatsine, in ka zo gida ka biyo ta Yawuri a ɗana ka, za mu sa maka riga biyu.

Ɗan Baba Matuƙi: Alhaji, Baba na gaisuwa. Ya ce gumagumai shida ya kawo, huɗu aka mayar masa.